Bindiga Mai Riƙe Fuska Goma

Tun da aka kafa dokar cewa duk ɗalibin da ke zaman haya sai ya kafa bindigar tsaro a ƙofarsa, shagon Baba Tukur a Samaru ba ya rabuwa da layi. Rumasa'u ta je bayan lacca.

"Wacce za ki ɗauka, 'yata?"

"Baba, ni ban ma san bambancinsu ba."

"Harbin duk ɗaya ne. A saman ƙofa ake kafa ta. Wanda ta san fuskarsa ya wuce, wanda ba ta sani ba kuwa, sai Allah. Ta ɗalibai fuska goma take riƙewa."

Rumasa'u ta fara lanƙwasa yatsu. Inna, Abba, ƙannenta, mai kawo ruwa. Ga Goggo Larai, wadda ba ta taɓa sanar da zuwanta ba. Yatsun suka ƙare ba ta kai kan 'yan ajinsu ba.

"To in mutum ya yi sallama fa?"

"Ba ta jin sallama."

"Baƙo fa?"

Baba Tukur ya dube ta kamar ta tambayi wani abin da aka daina sayarwa.

"Baba, gidanmu kaɗai mun fi ashirin."

"Kowa haka yake cewa. Zaɓa za ki yi."

Ya naɗe mata ƙaramar, ta ɗalibai, a leda, ya miƙo.

"Ki fara da taki fuskar, tana cikin goman. Kuma ranar biki, kada ki cika kwalliya."