Farin Layi a Wuya

Wuyan hoton ta fara dubawa. Babbar 'yar mai zane ce, tsaye a shagon dillalin da ke sayar da aikin mahaifinta.

Duk wanda ya san zanen Baba ya san layin nan. Shekara da shekaru sunansa na yawo a duniya saboda fuskokin da kamar ka yi musu sallama su amsa, amma kowane hoto sai an ja masa siririn farin layi a wuya. In 'yan jarida suka tambaya, amsarsa ɗaya ce: abin da aka raba kansa da gangar jikinsa ba mai rai ba ne, don haka ranar gobe ƙiyama ba za a ce wa wanda ya zana shi ya hura masa rai ba. Wasu su ce tsoron Allah ne, wasu su ce wayo ne kawai. Shi dai bai taɓa yarda a kalle shi yana aiki ba. Ɗakin zane kullum a kulle, Mama kaɗai ke shiga da shayi.

To, bara ɓarin jikinsa ya shanye. Yanzu ko kofi ya ɗauka, rabin ruwan a rigarsa yake ƙarewa. Amma ga sabon hoto, fenti bai gama bushewa ba, da sunansa a ƙasa. Fuskar ba ta da makusa. Layin kuwa a karkace yake, yana rawa kamar sawun tsutsa.

Lallai ɓarawon ya iya fuska, layi ya gagare shi.

"Wa ya kawo maka wannan?"

"Autanku, ranki ya daɗe," in ji dillali.

Biri ya yi kama da mutum! Auta, ƙaninta, wanda ya gama makaranta ya dawo gida yana ɗumama kujera. Wato tsoho na fama da jikinsa, shi kuma yana cin kasuwa da sunansa. Ranta ya ɓaci matuƙa.

Ta tsare shi a ƙofar gida. Ya rantse aike kawai yake kaiwa. Wa ya aike ka? Sai ya hau sosa ƙeya.

Ta samu Mama a ɗakin girki tana wanke hannu, warin kananzir ya cika wurin. Risho ne, in ji Mama, ko da yake an daɗe da komawa gas. Da ta ji zancen, sai ta ce, "Ke dai ki bar kaza cikin gashinta." Uwa ke nan. Auta ko gida ya ƙona, sai ta ce sanyi yake ji.

Ita kam ba za ta bari ba. Mutumin da ya tsare addininsa a kan layi ɗaya, ba za a wulaƙanta masa shi yana raye ba. Ta rantse in ta kama Auta, sai ya kwana a hannun 'yan sanda, ko da zumunci zai watse.

Ran nan da hantsi ta zo ba sanarwa. Gida tsit. Ƙofar ɗakin zane a ɗan buɗe, takalman Auta a bakinta. Ta fito da waya, ta nemo lambar 'yan sanda, ta tura ƙofar.

Auta na nan kuwa, amma ba abin da yake riƙe da shi sai kafaɗun Baba, kada ya zame daga kujera. Baba ne da siririn buroshi a hannu, gumi na zuba, yana jan farin layi a wuyan wani sabon hoto. Hannun na rawa, layin na rawa.

"Baba! To fuskar fa?"

Bai juyo ba sai da ya kai layin ƙarshe.

"Ni ban taɓa iya zana ko hanci ba, 'yata. Tun aurenmu layin nan kaɗai ne nawa, kuma ba zan daina ja ba, don kada ranar gobe a ce wa uwarku ta hura musu rai."