Kifin Benen Rentia

Tun da safe Tertius yake durƙushe a gaban mitar ruwa, yana kallon allura tana juyawa kamar an biya ta lada. Ya rufe duk wani famfo da ke gidan, amma ko a jikinta.

Shekarar fari ce a Hermanus, garin bakin teku. Ma'aikacin ruwa ya riga ya zo, ya yi magana cikin ladabi: "Kawu, in Juma'a ta same ku a haka, za mu ɗaure bututun, sai dai ya riƙa ɗiga." Masaukin baƙi irin na su Tertius kuwa, a tsakiyar lokacin kallon kifin wel, ƙaton kifin nan mai feso ruwa sama, ba ya rayuwa da ɗigo.

Abin takaici, masaukinsu kaɗai ke cike a unguwar. Kifayen sun yi jinkiri bana. Masu jiragen ruwa kullum sai su dawo da baƙi sun yi amai, babu hoto. Amma daga benen da matarsa Rentia ke ba da karin kumallo, safe da yamma ana hango wani kifin yana feso ruwa sama, can bayan duwatsun da ke ƙasan lambu. Bai taɓa nuna ko wutsiya ba.

"Mai kunya ne," in ji Rentia, tana zuba wa Jamusawa kofi. "Ba kamar wasu ba."

Tertius ya fara zargin baƙin. Ya ajiye bokiti a kowane banɗaki, ya riƙa laɓewa a ƙofa yana sauraron masu wanka, har wata baiwar Allah ta kai ƙararsa. Ya koma kan maƙwabci mai ciyawa kore shar, ya je da faɗa, ya tarar ta roba ce.

"Tsoho, ka zauna mana, kana sa ni jiri," in ji Rentia.

"In zauna su ɗaure mu?"

"To, kar dai ka gangara lambu. Gwiwarka."

Tun da suka yi aure ba ta taɓa tuna yana da gwiwa ba. Abin ya taɓa masa zuciya ƙwarai.

Duk da haka, Alhamis da yamma ya gangara. Ya bi tsohon bututun da a dā ke kai wa masu iyo ruwan ɗauraye gishiri. Ƙasa ta fara laushi, sannan ta zama taɓo. Ya ji wani huci. A ƙarƙashin kifaffiyar tukunyar fure ya ga makunnin ruwa, sabo fil, har an shafa masa mai. Ya murɗe shi da hannu biyu. Hucin ya ɗauke.

Daga sama ya ji baƙi sun yi ajiyar zuciya gaba ɗaya, wani yana cewa kifin ya nutse. Sai muryar Rentia ta sauko har bakin teku.

"Tertius! Wa ya aike ka ka kashe min kifi?"