Gaiwa a Cikin Yumɓu

Akwai wata mai ginin tukwane da mijinta ya kamu da tarin tibi. Aka ba shi magani a asibiti, aka ce ya yi ta sha har watannin da aka yanka masa su cika. Bai kai rabi ba tarin ya lafa, kumatu suka dawo, har yana neman ƙarin tuwo. Sai ya ce ai Allah Ya ba da lafiya, ragowar ƙwayoyin kuwa maƙwabcinsa zai miƙa wa sadaka, tunda shi ma yana ɗan tari. Matar ta tuna abin da ma'aikaciyar asibiti ta faɗa mata: ƙwayar cutar nan in ta ji wuya ba duka take mutuwa ba. Wata takan laɓe a huhu, ta rage ci, ta rage numfashi, ta yi ta lasar ɗan kitse tana jira, magani kuwa ya fi saurin kama wadda take a farke. Ta faɗa masa. Ya yi dariya, ya ce, "Ke da kika san laka, yau kuma kin zama likita?"

Ba ta ja da shi ba. Rani ne, tafki ya bushe ya tsattsage. Wajen haƙar yumɓu ta ci karo da gaiwa, kifin nan da kan binne kansa in ruwa ya janye. Ta ɗauko dunƙulen yumɓun da gaiwar ke ciki ta ajiye gaban maigidan. Ya ƙwanƙwasa, ya ce wannan ai mushe ne, ko kare ba zai shinshina ba. Ta sa shi a ƙwarya ta zuba ruwa, ta koma kan tukwanenta. Kafin la'asar yumɓu ya jiƙe ya rabu, sai ga gaiwa ta buɗe baki tana kaɗa wutsiya, har ta fantsama masa ruwa a riga. Ta ce, "Malam, ga mushenka ya tashi, kuma da yunwa ya tashi. Shi wannan damina yake jira. Na ƙirjinka ranar da ƙarfinka zai ragu yake jira." Ya leƙa ƙwaryar. Sannan ya ce ta miƙo masa ruwa da maganin, maƙwabci kuwa gobe in Allah Ya kai mu shi da kansa zai raka shi asibiti.

Da ma Hausawa sun ce, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.