Taliyar Tian Baoshan

Tian Baoshan yana yanka kabeji a kicin ɗin bariki lokacin da abokin aikinsa, Meng, ya shigo da labari.

"Tsoho Tian, an yanke magana daga sama. An ce soja ya yi ƙiba, ba ya iya gudu. Mutum miliyan ɗaya za a sauke domin ƙasa ta sami sukunin gina masana'antu. Mu biyun nan, ɗaya ne zai rage."

Tian ya ajiye wuƙa. Shekara tara ke nan yana sanye da kaki. Idan aka tuɓe masa shi, a saninsa ba abin da ke jiransa sai gonar yayansa a kan tsauni, wadda duwatsunta suka fi dawarta yawa. Meng kuwa, wanda ko ruwa ya ɗora sai ya ƙone, bai nuna damuwa ba.

Ranar Talata wani baƙo ya iso da riga ruwan toka da ɗan littafi a hannu. Bai sara wa kowa ba, kuma Kyaftin Qiu da kansa ya tarye shi a bakin ƙofa. Kafin rana ta take, duk bariki ya san cewa mai tantance waɗanda za a sallama ya zo.

Kyaftin ya leƙo kicin, ya yi ƙasa da murya.

"Tian, kada ka wahalar da kanka yau. Kabejin da aka saba ya wadatar. Ko ka bar wa Meng tukunyar."

Tian ya ce to, amma maganar ta tsaya masa a rai. Ashe har Kyaftin ya riga ya zaɓi nasa! Ya yanka agwagwar da yake kiwo saboda bikin sabuwar shekara. Ya kwaɓa fulawa, ya dinga jan taliya da hannu har ta koma kamar zare. Ƙamshi ya kai filin fareti, layi ya karkace.

Baƙo bai ko kalli ɗakin makamai ba. Ya ci kwano uku, ya kwance maɓallin wuya.

"Malam kuku, mutum nawa kake iya ciyarwa a zama ɗaya?"

"Ɗari uku, ranka ya daɗe."

"Kifi fa?"

"Iri bakwai."

Daga nan aka kawo shinkafar Meng. Baƙo ya kai loma ɗaya, ya nemi ruwa, ya rubuta suna guda kawai a littafinsa. Kyaftin Qiu ya dafe kai.

Tian ya yi kwana goma yana tausaya wa Meng, har ya ba shi kyautar safa sabuwa domin hanya.

Da aka manna takardar sallama a allo, sunan Tian Baoshan ne a farko. Ya nufi ofis hula a hannu.

"Ranka ya daɗe, me na yi wa mai tantancewa?"

Kyaftin ya dube shi da idon wanda zai ci girkin Meng har ya yi ritaya.

"Wane mai tantancewa, kai marar jin magana? Manajan sabon otal ɗin lardi ne, aka ba shi izini ya ɗauki wanda ya fi iya girki a cikinku."