Laifin Madubi

Mutumin ya ajiye kyamarar a kan teburin gyara a hankali, kamar mai kwantar da jariri. Wannan ne zuwansa na uku.

"Har yanzu ba sa haɗuwa, Malam."

Mai gyara ya karɓa. Tsohon malamin kimiyya ne da ya bar allo ya koma gyaran tsofaffin kyamarori masu fim, don a cewarsa su in sun lalace ba sa musu. Sai dai yau hankalinsa ba ya shagon. Gobe da safe za a yi wa autarsa tiyata. Wani ƙari ne ya fito mata a bayan kunne, ya manne da wata jijiya, kuma an ce in wuƙa ta kauce ko da faɗin gashi ne, yarinyar ba za ta sake motsa rabin fuskarta ba, in ma ta farka. Matarsa ce ke zirga-zirgar asibiti. Shi tun rasuwar mahaifiyarsa ba ya iya jure warin wurin, don haka ya zaɓi taimakawa daga nesa, abin da matar ke kira da wani suna daban.

Irin wannan kyamara ba ta yi wa kowa alfarma. In ka leƙa ta 'yar tagarta, za ka ga ɗan fili mai haske a tsakiya, abin da kake kallo ya rabu biyu a ciki. Kai za ka yi ta murɗa gilashin gaba har biyun su zama ɗaya, sannan ka danna. Mutumin ya ce shekara da shekaru yana tara irinsu, wannan ce ya fi so, kuma kwanan nan ta daina yi masa biyayya.

Mai gyara ya leƙa, ya auna bakin ƙofa, ya murɗa. Biyu suka zama ɗaya tsaf. Ya auna falwayar tsallaken titi. Haka. Ya cire murfin sama ya duba ɗan madubin da ke ciki, ko ƙura babu. Kyamarar ta girme shi, kuma ta fi shi lafiya.

Ya baza hotunan da mutumin ya wanko. Wata mata a bakin taga, wani yaro a kan keke, kyanwa a kan katanga. Duka dishi-dishi, ba sosai ba, daidai yadda mai son kansa zai iya ɗora wa fim laifi.

Ya zuba masa shayi don ya sami lokacin tunani. Mutumin dattijo ne mai tsabta har ta yi yawa: farce a yanke ƙwal, hannu sai ƙamshin sabulu, ba agogo, ba zobe. Mai gyara ya daɗe da yanke cewa mai dafa abinci ne a wani babban otal, bai kuma taɓa tambaya ba. Masu tara kyamarori ba sa tambayar juna sana'a, sai dai wane gilashi ka samo.

Dattijon ya miƙa hannu zai ɗauki kofi. Yatsunsa suka rufe a kan iska, ɗan nesa kaɗan da mariƙin. Ya gyara da sauri, ya ɗauka, ya kurɓa. Dukansu biyu suka shiga kallon titi kamar an ce musu ana wani abu a can.

"Malam, zan tambaye ka tsakaninka da Allah." Muryar dattijon ta yi ƙasa. "Ita ce, ko ni ne? In ni ne ka faɗa mini. Akwai abin da zan ajiye, yau ɗin nan."

Mai gyara ya san amsar. Ya kuma san yadda fuskar mutum ke komawa in an gaya masa ya ƙare, ya gan ta a madubin ofishin makaranta ranar da aka sallame shi. Ga shi makon nan ya ƙoshi da mugun labari, ba ya marmarin raba wa wani.

"Ita ce, ranka ya daɗe. Madubin ciki ya tsufa, yana yaudarar ido. Bar mini ita, zan nemo wani."

Dattijon ya saki numfashi mai tsawo, har ya yi dariya. Ya riƙe hannun mai gyara da hannu biyu ya girgiza. Mai gyara ya sa kyamarar a aljihun tebur yana jin ya yi aikin lada, kuma bai kashe ko sisi ba.

Da safe matarsa ba ta ba shi zaɓi ba. Ya bi ta, ya zauna a kan bencin da ke gaban ɗakin tiyata, yana numfashi ta baki. An riga an shigar da yarinyar, nas ta ce allurar barci ta kama ta. Matarsa na jan carbi tana maimaita masa abin da kowa ya gaya mata: wanda zai yi aikin ba shi da na biyu, sa'a ce ma da bai janye ba, don an yi ta raɗe-raɗin zai yi murabus.

"Ga shi nan," ta ce, ta miƙe.

Wani ya fito daga ɗakin wanke hannu cikin koriyar riga, hannuwansa a ɗage, fuskarsa a rufe sai idanu. Ya juya baya zai tura ƙofar da kafaɗa, sai ya tsaya, ya ɗan ƙanƙance ido ɗaya yana kallon bencin.

"A'a, Malam mai gyara! Ashe 'yarka ce? To ka gode wa kanka. Ba don maganarka ta jiya ba, da yau wani ne zai riƙe wuƙar nan."