Saura Teburi Ɗaya

Inna ta tarar ana fitar da wani teburi daga ofishin 'yan sandan da ke binciken kisan wani direba. Ta tokare ƙofa da sandarta.

"Ina za ku kai shi?"

Sabon sufeto ya taso da sauri. "Inna, an rage mana ma'aikata. Ni kaɗai aka bar wa binciken."

Ta leƙa ciki. Shekarun baya ɗakin nan ba masaka tsinke, waya na ta ƙara. Yau saura teburi ɗaya da hoton marigayin a bango, rana ta cinye rabin fuskarsa.

"To ni ba a rage ni ba," ta ce, ta ja kujera ta zauna daram. "Kowane sufeto sai ya ce mini ana samun ci gaba, kafin in dawo an yi masa canjin wurin aiki. Ƙafata ƙafarka sai kun kamo wanda ya yi."

Sufeto ya juya. Ya dubi hoton, ya sassauta murya. "Allah ya jiƙan ɗanki, Inna."

"Riƙe ta'aziyyarka. Ɗana yana nan da ransa." Ta ƙura masa ido. "Shi kuka fara kamawa, kuka sake shi, kuka ce bincike zai wanke shi. Wanzami ne. Har yau ba wanda ya ƙara miƙa masa wuya. Mamacin sau ɗaya aka binne shi. Nawa kuwa kullum sai an binne shi."