Jar Takardar Jikin Kwali

"Karɓi 'yarka," in ji nas, amma ɗan dakon ya kasa miƙa hannu. Jaririyar bakwaini ce, ko nauyin kwalin sabulu ba ta kai ba, shi kuwa shekara ashirin yana wurga kaya cikin mota.

Sai ya tuno jiya, da ya fasa kofuna, ubangidansa ya dangwara masa yatsa kan wata jar takarda da ke jikin kwalin kofunan: "Fragile! Duk inda ka ga wannan, hannu biyu, manne da ƙirji, ban da garaje."

Ya goge tafukansa a wando, ya karɓe ta hakan.

"Me kake raɗawa, maigida?" matarsa ta tambaya.

"Turancin da na koya jiya. Ashe ita ake nufi."